Duse Mohamed Ali: Baƙon da ya yi yawon duniya, ya sami gida a Legas

A shekarar 1931 wani dattijo mai shekara 64 ya sauka daga jirgin ruwa a Legas tare da matarsa Ba'amurkiya. Ba shi da dangi a garin, harshen mutanen garin ba nasa ba ne, kuma cinikin kokon da ya taso da shi daga Amurka zuwa Afirka ta Yamma bai kai ko'ina ba. A irin waɗannan shekaru yawancin mutane suna haramar komawa gida ne su huta, amma shi ba shi da gidan komawa, domin ya bar ƙasar da yake kira tasa tun yana yaro, ya bar Ingila shekara goma kafin nan, Amurka kuma ba ta riƙe shi ba.

Sunansa Duse Mohamed Ali, ɗan wasan kwaikwayo, marubuci kuma ɗan jarida. Shekara 14 da suka rage masa a duniya a Legas ya yi su, inda ya kafa jaridar The Comet, ya shugabanci taron da aka kafa jam'iyyar NCNC, ya kuma rasu yana cikin dattawan da garin ke girmamawa. Tarihinsa ya nuna yadda baƙuncin da ya zame masa nauyi a Landan da Amurka ya koma jari a hannunsa da ya zo garin da ke bukatar sana'arsa.

Asali da ƙuruciya

Bisa labarin da ya bayar da kansa, an haife shi ranar 21 ga Nuwamba, 1866, a birnin Iskandariyya da ke bakin teku a ƙasar Masar. Mahaifinsa, Abdul Salem Ali, hafsa ne a rundunar sojan Masar, mahaifiyarsa kuwa 'yar Sudan ce. Yana da kimanin shekara goma aka tura shi Ingila karatu, kamar yadda wasu gidajen masu hali na Masar ke yi a wancan zamani.

Yana can ne ƙasar ta rikice. Kanar Ahmad Urabi ya jagoranci hafsoshi da talakawa wajen adawa da yadda Turawan Ingila da Faransa suka riƙe baitulmalin Masar saboda bashin da ake bin ta. A watan Yulin 1882 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Iskandariyya luguden wuta, sannan ranar 13 ga Satumba suka murƙushe rundunar Urabi a Tel el-Kebir. Duse ya ba da labarin cewa mahaifinsa yana cikin waɗanda suka kwanta dama a wannan yaƙi, mahaifiyarsa da 'yan uwansa mata kuma suka nufi Sudan, bai sake ganin su ba.

Daga nan kuɗin makaranta ya yanke, yaro ɗan shekara 15 ya zama shi ne gatan kansa a ƙasar da ba tasa ba. Dogon zama a Ingila ya raba shi da Larabci, har ya zamana Turanci ne kaɗai harshen da yake rubutu da jawabi da shi. Wannan rashi ya bi shi har tsufa, domin abokan hamayyarsa sun riƙa kafa hujja da shi suna musun cewa shi Bamasare ne, kuma har yau akwai masana tarihi da ke jayayya da labarin asalin nasa. Abin da babu gardama a kansa shi ne ya rayu a matsayin Musulmi ɗan Afirka, da jar dara a kansa, a tsakiyar daular da ke mulkin Masar da Sudan da Najeriya.

Daga dandamali zuwa alƙalami

Sana'ar da ya fara kamawa ita ce wasan kwaikwayo. Ya shiga ƙungiyar fitaccen ɗan wasa Wilson Barrett, ya kuma shafe fiye da shekara ashirin yana yawo da ƙungiyoyin wasa daga wannan gari zuwa wancan. Baƙar fata a dandamalin Ingila na wancan lokaci ba a ba shi sai matsayin bawa ko na mugun mutumin Gabas, kuma irin waɗannan ya fi samu, ko da yake a garin Hull, wanda shi ma tashar jiragen ruwa ce, ya fito a matsayin Othello, ya kuma taimaka wajen kafa ƙungiyar masu nazarin wasannin Shakespeare. Wasan bai ba shi wadata ba, sai dai ya koya masa tsayuwa gaban jama'a da sarrafa murya, abubuwan da suka yi masa rana daga baya.

A hankali ya karkata ga rubutu. Daga 1909 ya riƙa aika maƙaloli ga mujallar The New Age ta Landan. A 1910 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi wani jawabi a Landan inda ya ƙarfafa wa Birtaniya gwiwa ta ci gaba da danne Masar. Wannan ya harzuƙa Duse, ya zauna ya rubuta littafin tarihin siyasar Masar mai suna In the Land of the Pharaohs, wanda ya fito a 1911. Littafin ya sami karɓuwa da farko, amma ba a jima ba aka gano cewa ya kwashi sassa da dama daga littattafan wasu marubuta ba tare da ya ambace su ba. Abin ya zubar masa da ƙima a idon marubutan Ingila. Duk da haka, a wajen 'yan Afirka da baƙar fatar Amurka littafin ya ci gaba da daraja, domin ba kasafai suke ganin baƙin mutum ya ƙalubalanci mulkin mallaka a cikin harshen masu mulkin ba.

Ofishin da ke titin Fleet

A watan Yulin 1911 aka yi babban taron jinsunan duniya a Jami'ar Landan, inda wakilai daga Asiya da Afirka da Amurka suka hallara. Daga wannan taro Duse ya fito da shawarar kafa mujallar da za ta zama bakin mutanen da ba Turawa ba. Da taimakon wani ɗan kasuwa ɗan Saliyo, John Eldred Taylor, mujallar African Times and Orient Review ta fara fita a watan Yulin 1912 daga gida mai lamba 158 a titin Fleet, cibiyar manyan jaridun Ingila. Da Taylor ya janye hannunsa, wasu lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa na Afirka ta Yamma, ciki har da J. E. Casely Hayford na Gwalkwas, wato Ghana ta yau, suka haɗa kuɗi suka ceto ta.

Tun daga farkon fitowarta mujallar ta taɓo Arewacin Najeriya. A wannan shekara ta 1912 an yi wa wasu akawunan gwamnati baƙar fata bulala a bainar jama'a a Zariya bisa umarnin Razdan, kan cewa ba su faɗi sun gaishe shi ba. Duse ya buga labarin, ya yi ta bin diddiginsa, har maganar ta kai ga tambayoyi a Majalisar Dokokin Birtaniya. Daga lokacin jami'an mulkin mallaka suka sa masa ido, masu karatu na Legas kuma suka riƙe sunansa.

Ofishin ya zama masaukin baƙi. Ɗalibai daga Masar da Indiya, da 'yan kasuwar Legas da Ankara ta Gwalkwas, da masu kawo ƙorafi gaban gwamnatin Ingila, duk sukan biya ta wurin. A 1913 wani saurayi ɗan Jamaika mai suna Marcus Garvey ya yi aikin aike-aike a ofishin, ya kuma buga maƙala a mujallar a watan Oktoba na shekarar, kafin ya koma gida ya kafa ƙungiyar UNIA wadda ta zama mafi girman yunƙurin baƙar fata a zamaninta.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jefa shi cikin tsaka mai wuya. Duse yana cikin masu kare Daular Usmaniyya ta Turkiyya a Landan, yana kuma hulɗa da Musulmin masallacin Woking. Da Turkiyya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, hukumomi suka lissafa shi cikin talakawan abokan gaba, duk da shekaru kusan arba'in da ya yi a Ingila, jami'an tsaro kuma suka riƙa bibiyar harkokinsa. Mujallar ta tsaya a watan Agustan 1914, ta dawo a 1917, ta sake tsayawa a 1918, sannan ta yi fitowar ƙarshe a 1920 da sunan Africa and Orient Review.

Cinikin da ya ƙi

Tun a Landan Duse ya yi imani cewa 'yancin siyasa ba zai tsaya da ƙafarsa ba matuƙar ciniki yana hannun baƙi. Manomin koko a Gwalkwas ko a ƙasar Yarabawa, kamar manomin gyaɗa a ƙasar Kano, yana sayar wa dillali, dillali ya kai wa kamfanin Turawa, kamfanin ne ke yanka farashi. Jiragen ruwan da ke ɗaukar kayan suna ƙarƙashin haɗakar kamfanonin da Elder Dempster ke jagoranta, bankin da ke ba da rance kuma na Turawa ne, bai cika amincewa da baƙin ɗan kasuwa ba. Shawarar Duse ita ce a haɗa manoman Afirka kai tsaye da masu saye a Amurka, baƙar fatar Amurka kuma su zuba jari.

Wannan buri ne ya kawo shi Afirka ta Yamma karon farko a 1920, inda ya ziyarci Legas da Gwalkwas. Ya zo ne daidai lokacin da farashin amfanin gona, wanda ya yi tashin gwauron zabi bayan yaƙi, ya fara rugujewa, ya kuma tafi da dukiyar 'yan kasuwar Afirka da dama. A 1921 ya tafi Amurka neman jari, daga nan bai sake komawa Ingila ba.

Shekara goma ya yi a Amurka. Ya tarar yaronsa na dā, Garvey, ya zama babban jagora a birnin Niyok, ya shiga ƙungiyarsa ya riƙe sashen harkokin Afirka, ya kuma yi rubutu a jaridarsu Negro World a 1922, amma tafiyar tasu ba ta yi nisa ba. Ya kafa kamfanonin ciniki ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya mutu saboda ƙarancin jari da rashin jiragen dako da kuma wahalar riƙe amana tsakanin mutanen da teku ta raba. A birnin Detroit, inda masana'antun mota suka tara baƙi Musulmi daga ƙasashe daban-daban, ya kafa wata ƙungiyar Musulunci a 1926. Da karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta zo, ƙofofin da suka rage masa a Amurka suka rufe.

Legas da ya tarar

Garin da ya sauka a 1931 yana da mutane kimanin 126,000 bisa ƙidayar wannan shekara. Shi ne babban birnin Najeriya kuma babbar tashar jiragen ruwanta, inda layin dogon da ya kai Kano tun 1911 ke sauke gyaɗa da fatu da auduga da kuza. Karayar arziki ta taɓa kowa: farashi ya faɗi, gwamnati na rage ma'aikata, ƙananan 'yan kasuwa na karyewa, yayin da kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929 ta hanyar haɗe manyan kamfanoni, ya mamaye kasuwa.

Sai dai Legas gari ne da ya saba da baƙo. Ban da 'yan asalin Eko, akwai Saro, zuriyar 'yantattun bayi da suka dawo daga Saliyo, waɗanda suka cika aikin lauya da likita da jarida. Akwai Aguda da suka dawo daga Birazil da Kuba da sana'ar gini da kafinta. Akwai Hausawa fataken goro da shanu da tsofaffin sojoji, waɗanda ke kiran garin Ikko, akwai kuma Kwarori daga Siriya da Labanan masu kantunan yadi. Musulmi suna da yawa ƙwarai a garin, kuma sun daɗe da sanin manyan baƙi na addini, domin tun a 1894, da aka buɗe masallacin Shitta-Bey, Baturen Ingila Musulmi Abdullah Quilliam ne ya zo a madadin Sarkin Musulmin Turkiyya.

A irin wannan gari, dattijo mai jar dara da Turanci irin na dandamalin Landan bai zama abin tuhuma ba. Masu ilimin garin sun karanta mujallarsa shekara ashirin da suka wuce, sun san shi ne ya kai kukan akawunan Zariya gaban Majalisar Ingila. Wannan tsohon suna shi ne guzurin da ya shigo da shi.

Da ya ga cinikin koko ba zai yiwu ba, bai tsaya jiran jarin da ba zai zo ba, ya koma ga abin da hannunsa ya iya. Ya fara rubuta sharhi a jaridar Nigerian Daily Times, wadda aka kafa a 1926, sannan ya yi aikin edita a Nigerian Daily Telegraph. Bai manta da tsohuwar sana'arsa ba: ranar 3 ga Oktoba, 1932, ya shirya wasan kwaikwayonsa mai suna A Daughter of Pharaoh a ɗakin taro na Glover, wurin da manyan garin ke haɗuwa. Cikin shekara guda da 'yan watanni, wanda ya zo ba shi da kowa ya zama mutumin da ake gayyata ya yi lacca ko ya shugabanci taro.

Jaridar The Comet

A 1933 ya kafa tasa jaridar, The Comet, mai fita mako-mako, matarsa Gertrude La Page tana taya shi aiki. A lokacin jaridun Legas sun rabu gida-gida. Herbert Macaulay, wanda ya kafa jam'iyyar NNDP a 1923, yana da Lagos Daily News, abokan hamayyarsa suna da nasu, kuma rikicin sarautar Eleko, wanda ya kai ga korar Eshugbayi daga gari da dawo da shi a 1931, ya raba gidaje da masallatai. Yawancin abin da ake bugawa martani ne da ramuwar gayya tsakanin mutanen da suka san juna tun daga kakanni.

Duse ba ɗan kowane gida ba ne a cikin waɗannan, ba shi da filin gado da ake shari'a a kansa, ba ya neman kujera a Majalisar Dokoki. Wannan ya ba shi damar yin jaridar da ke kallon Najeriya gaba ɗaya da kuma duniya. The Comet ta riƙa kawo sharhi kan siyasar Turai da Gabas ta Tsakiya, da halin baƙar fata a Amurka, da farashin amfanin gona, tare da gajerun labarai da rubuce-rubucen matasa masu tasowa. Da Italiya ta mamaye Habasha a watan Oktoban 1935, jaridar ta tsaya tsayin daka a bayan Habasha, tana bayyana wa masu karatu yadda manyan ƙasashen Turai suka zuba ido.

A shafukanta ne ya buga ƙagaggen labarinsa kan wariyar launin fata a Amurka, Ere Roosevelt Came, kashi-kashi a 1934, sannan tarihin rayuwarsa, Leaves from an Active Life, daga 1937 zuwa 1938. Yawancin abin da aka sani game da ƙuruciyarsa daga wannan rubutu ya fito. Akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa su ne masu karatunsa, kuma ta hannunsu jaridar ke bin layin dogo zuwa garuruwan da ke nesa da teku.

Salonsa na dattaku ne. Yana sukar gwamnati, amma da harshen da ba zai ba ta hujjar rufe masa maɗaba'a ba, domin ya ɗanɗana zama ƙarƙashin idon jami'an tsaro, kuma ya san baƙo ana iya sa shi a jirgi a kowane lokaci. Wasu matasa sun ga kamar yana da sanyi. A watan Nuwamban 1937 Nnamdi Azikiwe, wanda ya yi karatu a Amurka, ya fara buga West African Pilot kullum, da manyan kanun labarai da zafin harshe, ta kuma janye masu karatu da yawa. The Comet ta ci gaba da fita, amma zamani ya fara wuce irin aikin jaridar da Duse ya koya a titin Fleet.

Kujerar shugaba a ɗakin Glover

Amfanin zamansa ba ɗan kowane ɓangare ba ya fito fili a 1944. Ƙungiyar matasan Najeriya ta NYM, wadda ta kayar da jam'iyyar Macaulay a zaɓen Legas na 1938, ta dare a 1941 kan takarar Ernest Ikoli da Samuel Akinsanya, rikicin kuma ya ɗauki launin ƙabilanci. Shugabannin siyasa suka zamana ba sa ga maciji da juna, alhali Gwamna Arthur Richards yana shirin sabon tsarin mulki ba tare da ya shawarce su ba. A watan Maris na 1944 ɗaliban King's College suka yi bore kan halin da aka jefa su bayan sojoji sun karɓe ɗakunan kwanansu, gwamnati ta hukunta su, har ta tura wasu aikin soja.

Wannan ya sa ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta kira babban taro domin a haɗa kai. Ana bukatar wanda zai zauna a kujerar shugaba ba tare da wani ɓangare ya tashi ya fita ba. Ranar 26 ga Agusta, 1944, a ɗakin taro na Glover, Duse Mohamed Ali, yana da shekara 77, shi ne ya shugabanci zaman da aka kafa ƙungiyar da ta zama NCNC. Aka zaɓi Herbert Macaulay shugaba, Azikiwe kuma babban sakatare. Jam'iyyar ta zama ɗaya daga cikin manyan uku da suka kai Najeriya ga samun 'yancin kai a 1960.

A wannan tsakanin tsufa da rashin lafiya suka sa ya saki ragamar jaridarsa. Kamfanin Azikiwe, Zik's Press, ya sayi mafi yawan hannun jarinta, ta kuma koma fita kullum da sunan Daily Comet.

Rasuwarsa

Duse Mohamed Ali ya rasu ranar 25 ga Yuni, 1945, a asibitin African Hospital da ke Legas, yana da shekara 78. Rasuwar ta zo kwana kaɗan bayan ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da na sauran ma'aikatun gwamnati sun tsunduma cikin yajin aikin gama-gari kan kuɗin tsadar rayuwa, yajin da ya ɗauki kwana 44, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa. Duk da garin yana tsaye cik, dubban mutane suka raka gawarsa ranar 27 ga Yuni zuwa maƙabartar Musulmi ta Okesuna. Lauya L. B. Agusto, ɗaya daga cikin jagororin Musulmin Legas, yana cikin waɗanda suka yi jawabi, kuma 'yan siyasa da 'yan ƙwadago da malaman addini, Musulmi da Kirista, duk sun hallara.

Bai bar dukiya ba. Burin da ya fi ba wa ƙarfinsa, wato ganin manomin Afirka ya sayar da amfaninsa ba tare da kamfanin Turawa a tsakani ba, bai cika a hannunsa ba, kuma tabon littafinsa na 1911 bai goge ba. Abin da ya samu a Legas shi ne abin da ya rasa a shekara 45 na zaman Ingila da shekara goma na zaman Amurka: jama'ar da ta ɗauke shi nata, ta ba shi aiki daidai da iyawarsa, ta kuma binne shi a cikin mutanenta.

Jaridar ta hau Arewa

Makonni biyu bayan rasuwarsa, a watan Yulin 1945, gwamnati ta haramta buga Daily Comet da West African Pilot na wani lokaci saboda goyon bayan da suka ba masu yajin aiki. Saurayin da ya zama editanta, Anthony Enahoro, an ɗaure shi bisa zargin tunzura jama'a, kuma shi ne ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a Majalisar Wakilai a 1953.

A 1949 kamfanin Azikiwe ya mayar da Daily Comet Kano. A lokacin babbar jaridar da Arewa ta sani ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 ƙarƙashin kulawar hukuma. Zuwan Comet ya ba masu adawa da mulkin En'e da na Turawa wurin da za su buga kokensu. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, jaridar ta zama dandalin da ake karanta ra'ayoyinta, kuma Magaji Ɗambatta, ɗaya daga cikin matasan da suka kafa jam'iyyar, ya yi aikin jarida a cikinta.

Ta haka jaridar da baƙo ya kafa a bakin teku domin ya sami abin rufin asiri a tsufansa ta zo ta yi aiki a siyasar talakawan Kano, shekaru kusan arba'in bayan mai ita ya buga labarin bulalar Zariya daga Landan. Yawancin waɗanda suka riƙa sayen ta a Kano ba su taɓa ganin sa ba. Kabarinsa yana Legas. Allah Ya jiƙansa da rahama.